Ruwan da Na Kai wa Baba a Garwa

Abin da na fara gani a ƙasar Kamaru ƙafar akuya ce. An ɗaure ta a ƙarƙashin kujerar motar da muka shiga bayan mun tsallaka iyaka, ni kuma kaina na kan cinyar Umma, idona a ƙasa, don haka ita kaɗai nake iya kallo ba tare da duniya ta juya mini ba. Kofatonta ɗaya a tsage yake. Tun daga Mubi a haka na zo. Duwatsun da ake ta yabon kyansu a wannan hanya, ban ga ko ɗaya ba.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Zazzaɓi ne ya kama ni bayan mun gama jarrabawar aji uku, da ya tashi tafiya sai ya bar mini jiri. Kwanakin farko ɗaki juyawa yake kamar faifai a hannun mai tankaɗe, ga amai. Daga baya juyawar ta lafa, amma ta bar ni da wani hali. In na tafi a hankali, ina kallon yatsun ƙafata, babu mai yi mini magana, zan kai inda za ni. Da zarar wani ya kira sunana daga gefe, ko ya gaishe ni na ɗaga kai zan amsa, sai ƙasa ta zame. An yi mini rubutu, an yi hayaƙi, an ba ni ƙwayoyin da ke sa ni barci har azahar. Umma ta hana ni ko ɗaukar tsintsiya. Likitan da ya duba ni ya ce abin da ya rage motsa jiki ne, ba magani ba, Umma kuwa ta ɗauka ya sallame mu ne cikin ladabi.

Ana cikin haka sakamako ya fito, na samu gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata, ɓangaren kimiyya. Abokan Baba suka zo taya shi murna. Na roƙi Umma ta bar ni in kai musu ruwa da kaina, ta bari. Na ratsa tsakar gida lafiya, na shiga zaure lafiya. Sai wani Alhaji ya ce, "Likitarmu ce da kanta? Ya jiki?" Na ɗaga kai zan amsa. Abin da na sani bayan nan, ina kan tabarma, jug yana gangarawa, rigar Alhajin ta jiƙe har gwiwa.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Da baƙin suka tafi na ji yana ce wa Umma a hankali, "Yarinyar da ba ta iya kai ruwa daga randa zuwa zaure, wa zai riƙe ta a makarantar kwana?" Makarantar ta ce za ta ajiye mini gurbina har a dawo hutun damina, bayan nan ta ba wata. Yayar Baba, Gwaggo Dije, wadda ke aure a Garwa, ita ta buga waya ta ce a kawo mata ni, akwai wata mata a wani asibiti can da ta miƙar da maƙwabcinsu bayan ya shekara yana dafa bango.

A Mayo-Ulo muka sauya mota. Wani ɗan kamasho ya ga yadda Umma ke riƙe da ni, ya ce gidan gaba ya kamace mu saboda baya akwai jijjiga, ya karɓi ƙari a kan kuɗin mota. Da motar ta zo, maza biyu ne zaune a gaba, shi kuwa ko ƙurarsa. Direba ya ce bai san da shi ba. Kafin mu tashi wani mai kwalabe a jaka ya tsaya a taga, da ya ji an ambaci kunne sai ya ce ai ƙwaro ne ya shiga yana zagaye a ciki, shi ya sa nake ganin juyawa, kuma yana da man da ke fito da shi. Umma ta saya. Da ta buɗe na shaƙi ƙamshin man gyaɗa da aka ɗiga wa turare, amma na ga yadda ta ƙulle kwalbar a bakin zani kamar zinariya.

A kujerar baya aka matse mu da wata Bafulatana mai tallar nono. Ba ta jin Hausa, Fillancin da muka tsinta a Mubi kuma bai wuce gaisuwa ba. Da mota ta fara faɗawa ramuka na fara nishi, sai ta sauke ƙwaryarta tsakanin ƙafafunta, ta jawo kaina ta jingina a kafaɗarta, ta dafe goshina da tafin hannu yadda ake dafe ƙwarya kar ta zube. Hannun yana ƙamshin man shanu da hayaƙin itace, akwai zoben jan ƙarfe a ɗan yatsanta. Ba ta ɗauke shi ba sai da ta zo sauka kafin garin Gidar. Umma ta yi ta cewa useko, useko, wato na gode, har motar ta ja.

Garwa zafi ne ya fara tarbar mu, sai ƙarar babura. Gidan Gwaggo na unguwar Yelwa. Mijinta, Alhaji Sabo, ɗan kasuwar atamfa ne, kakansa ya zo daga Kano da jakuna bai koma ba. Hausa suke yi a gidan, amma Hausar da ta sha ruwan Binuwai: mararraba karfur ce, babur moto ne, in magana ta yi zafi kuma sai ta koma Fillanci ba tare da kowa ya lura ba. Umma ta yi 'yan kwanaki ta koma saboda ƙannena. Da safe ana ba ni burodi dogo mai tauri da shayi, ni kuwa kokon Umma nake so, mai tsamiya da yawa. Lokacin da kewa ta fi kama ni shi ne la'asar, in ladan ya kira salla da muryar da ba ta ladanmu ba. Sai in juya fuska bango in ƙirga gidajen da zanzaro ya gina.

Likitan kunne muka fara gani. Ya sa na kafa ido a hancinsa, ya riƙe kaina ya juya shi da sauri dama da hagu, ya ce ɓangaren hagu ne ciwon ya raunana, can ciki inda ba a gani. Ya ce ƙwayoyin barcin a rage su har a daina, don suna hana ƙwaƙwalwa koyon sabon zama. Gwaggo ta miƙa masa kwalbar Mayo-Ulo. Ya sansana, ya ce a soya ƙwai da shi, kar dai a kai shi kusa da kunne. Daga nan ya tura mu ɗakin kine, haka suke kiran mai gyaran jiki ta hanyar motsa shi.

Ita ce matar da Gwaggo ta faɗa, Madam Solanj. Doguwa ce, mutuniyar wajen Kaele, takalminta na roba fari, Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Ta zaunar da ni ta tambaye ni murhu duwatsu nawa ne. Na ce uku, a ƙasan maƙoshi. Ta ce to haka mutum yake tsaye a kan uku: ido, tafin ƙafa, da wani ɗan abu a cikin kunne da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Nawa dutse ɗaya ya gutsure. Tun daga lokacin na ɗora tukunyar gaba ɗaya a kan ido, shi ya sa nake kallon ƙafata, shi ya sa kuma da ido ya tafi wani wuri sai tukunya ta kife. Ta ce ƙwaƙwalwa tana iya koyon gyara zaman tukunyar, amma ba ta koyo a kwance.

"Jiri kaɗan malami ne," in ji ta. "In ya yi yawa, kai zauna. In ya tafi, kai tashi."

Ta liƙa harafi a bango, ta ce in kafa masa ido in riƙa girgiza kai kamar mai cewa a'a, sannan kamar mai cewa i. Ranar farko na yi amai a bokitinta, ta ce madalla, bokitin ya saba. Bayan nan aka zo tsayuwa a kan soso mai kauri, ido buɗe, ido rufe. Sai tafiya a kan layin da aka ja da fenti, ina waiwaye dama da hagu.

A ɗakin na haɗu da Modibbo, wani tsohon malamin allo mai farin gemu da ɗan ragowar jan lalle a ƙarshensa. Shi jirinsa a ruku'u da sujada yake kama shi, ya daɗe yana salla a zaune, abin yana cin ransa. Da ya gan ni ina tangaɗi a kan layi sai ya ce ga abokiyar tangaɗinsa ta iso, wanda bai san mu ba zai ce daga mashaya muka fito, Allah Ya tsare. Kullum haka yake tarbata. Ni ko dariya sai na rufe baki da mayafi.

Da muka iya tafiya a kan layi, sai Madam ta ce yanzu za a fara aikin gaske: tafiya tare da wani aikin na kai. Ta ce a titi ba wanda zai yi mana shiru don mu yi tafiya, dole ƙafa ta koyi yin nata ba tare da an tsaya a kanta ba. Modibbo ya ce wannan mai sauƙi ne, ya kama karatu daga Sabbi yana tafiya kamar saurayi. Madam ta tsayar da shi. Ta ce abin da ya zauna a baki shekara da shekaru ba ya cin tunani, ya faɗo mata sunayen jikokinsa daga ƙarami zuwa babba, kowa da sunan uwarsa. Bai kai rabin layi ba ya kama bango, yana cewa laifin 'ya'yansa ne da suka cika haihuwa. Ni lissafi ta ba ni, in riƙa ɗebe bakwai-bakwai daga ɗari. Lissafi abokina ne, ba ya kallona, ba ya jiran in amsa masa da ladabi. Cikin ɗan lokaci na ƙware, Madam tana ta yabona.

Amma a gida ba abin da ya sauya. Ina iya ratsa tsakar gida ina lissafi a zuci, da Alhaji Sabo ya ce "Zulai, an tashi lafiya?" sai in nemi bango. Ban gaya wa Madam ba. Na ji kunyar ɓata mata yabonta.

Sai kuma aka samu matsala da Gwaggo. Madam ta ce in riƙa yin girgiza kan nan a gida sau da yawa a yini. Babu harafi a bangon Gwaggo, don haka na zaɓi wata jar fulawa a jikin fanteka da ke jere a kabad. Wata rana ina ciki, maƙwabciya ta shigo ta yi sallama, ta gan ni na kafe ido wuri ɗaya ina kaɗa kai ba ƙaƙƙautawa. Ta ja da baya tana salati. Kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa 'yar ɗan'uwan Hajiya Dije iska ce ke hawanta. Gwaggo ta ji zafin wannan, ga kuma wani abin da ta daɗe tana haɗiyewa: kullum tana jin Madam na ce mini in ɗaga kai, in daina kallon ƙasa. Ta ce ita amana aka ba ta, ba za ta mayar wa ƙanenta da yarinya mai tsaurin ido ba, wadda za ta tsaya tana zare wa manya ido kamar 'yar tasha. Ta hana girgiza kai, ta hana zuwa asibiti, ta koma riƙe mini hannu ko banɗaki za ni. Da ƙauna take yi, har naman kaza take tsame mini daga miyar Alhaji.

Mako bai cika ba na koma baya. Na faɗi a ƙofar kicin na fasa leɓe. Da yamma na ji Gwaggo a waya da Baba tana cewa, "To, sai dai a hankali." Na san abin da wannan ke nufi a bakin manya. Damina ta riga ta raba, gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan unguwa.

Ban taɓa roƙon Gwaggo komai ba tun zuwana. Washegari tana tsince shinkafa na zauna kusa da ita, na daɗe ina kallon tsakuwoyin da take warewa gefe, sannan na ce, "Gwaggo, ki raka ni wajen Madam, ki faɗa mata da bakinki."

Ta ce ai ko ban ce ba za ta je, tana da maganar da za ta amayar.

Ta kuwa amayar. Ta yi da Hausa, ta juya Fillanci, ta ƙarasa da ɗan Faransancin da take da shi. Madam ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta roƙe ta ta cire takalmi ta hau soso. Gwaggo ta hau tana cewa ita da ta yi shekaru tana ɗaukar tulu. Madam ta ce ta rufe ido. Ta rufe. Ta ce ta lissafo abin da aka zuba a lefen 'yarta ta fari. Gwaggo ta fara da atamfofi, tana isa kan takalma sai ga ta tana iyo da hannuwa a iska, ta cafke kafaɗar Modibbo.

"Hajiya, sannu da shigowa ƙungiya," in ji shi.

Gwaggo ta sauko tana gyara ɗankwali, tana dariyar da ba ta so ta fito. Madam ta ce mata haka nake ji ni, a kan ƙasa mai tauri, ido buɗe, duk lokacin da aka yi mini magana. Sai ta juyo ta ga leɓena, ta tambaye ni a ina nake faɗuwa, tunda a ɗakinta ba na faɗuwa. Na ba ta labarin zaure, da jug, da rigar Alhaji, da abin da Baba ya ce. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban mutane ba.

Madam ta ce ita ta yi kuskure da ta ba ni lissafi, ashe ni ma Sabbi ta ba ni. Abin da ke cinye mini tunani mutum ne, babba, yana jiran amsa. Ta aika aka kawo tire da kofin roba daga ɗakin ma'aikata, ta shimfiɗa tabarma a ƙarshen ɗakin, ta ce wa Gwaggo, "Kai ne Alhaji. Zauna."

Gwaggo ta zauna, amma ta ce da sharaɗi, ba za a kalle ta cikin ido ba. Madam ta ce ita ba ruwanta da idon kowa, abin da take so kar in kalli ƙafata, in samu abu ɗaya a gabana wanda ba ya motsi in riƙe shi da ido. Gwaggo ta yi ɗan tunani ta ce to ai akwai aikin wuyan riga. Yarinya ta kalli aikin da ke ƙirjin babbar riga, ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kuma sunkuya ba. A nan suka shirya, su biyun, kamar masu cinikin da kowa ya ga ya ci riba.

Allah Ya yi Gwaggo da baiwar gaisuwa. In ta kama, sai ta bi gida ɗaki-ɗaki. Ina kwana, ina gajiya, ya baƙunta, ya zafin garinmu, ya Ummanki, ya ƙaninki mai sunan Malam, haƙoran nasa sun fito, akuyar nan taku mai baƙin kunne ta haihu kuwa, me ta haifa. Dole in amsa kowace da abin da ya dace, ina tafe, tire a hannu. Modibbo ya naɗa kansa baƙo na biyu. Aikinsa ya bari sai na yi nisa ya jefo mini gaisuwa daga gefe da Fillanci, jam na, noy saare, don in juya kai in amsa in dawo. Da kofi wayam muka fara, sai rabi, sai cike. Ranar da na juye masa shi a ƙafa ya ce alhamdu lillahi, an rage masa aikin alwala.

Durƙusawa ta fi komai wuya, ita da miƙewa. Kai yana sauka, kunne yana faɗin abu ɗaya, ido yana faɗin wani, ga baki yana cewa lafiya lau. Na sha dafa ƙasa. Madam tana tsaye a bayana, hannunta kusa da ƙuguna amma ba ta taɓa ni, sai in na tafi gaba ɗaya. A gida kuwa Gwaggo ta mayar da abin sana'a. Duk wanda ya yi sallama, ko mai gyaran rediyo ne, sai an zaunar da shi Zulai ta kawo masa ruwa. Maƙwabciyar da ta ce iska ce ta sha ruwan gidan nan har ta fara kawo uzuri. Girgiza kai kuma aka mayar da ita bayan ɗaki, inda Gwaggo da kanta ta rataye mini fantekar a ƙusa.

Daga tabarma Madam ta fitar da mu kan yashi, daga yashi ta ce a kai ni babbar kasuwa, inda komai ke motsi. Ranar na tafi a bayan Gwaggo ba ta riƙe ni ba, tana tafe tana tambayata me na gani. Na ga busasshen kifi an jera shi kamar takalma, na ga mai sayar da barkono yana atishawa a kan hajarsa, na ga wata mata da jariri a baya da injin ɗinki a ka. Sau biyu na tsaya na dafa rumfa har jirin ya wuce. Da za mu koma ta sa aka bi da mu ta gada. Na tsaya na kalli Binuwai cike da ruwan damina, jawur, yana tafiya, ni kuma ban tafi tare da shi ba. Can tsakiya wasu ƙananan kunnuwa biyu suka ɓullo suka kaɗa suka nutse. Gwaggo ta ce dorina ce. Wata na biyu ke nan a Garwa, sai ranar na ga garin.

A makon ne Modibbo ya shigo ɗakin kine da ƙasa a goshinsa, ya ƙi sharewa. Ya yi azahar a tsaye, da ruku'unta da sujadarta. Ya nuna wa Madam goshin, ya nuna mini, ya ce saura ni.

Baba ya zo ana saura kaɗan a koma makaranta. Ba wanda ya gaya masa abin da muke yi, Gwaggo ta ce a bar shi ya gani. An yi ruwa da safe, tsakar gida da santsi. Ya sauka a zaure wajen Alhaji Sabo da wani abokin kasuwancinsa Bafulatani. Ina jin muryarsa daga kicin.

Gwaggo ta ɗauko kofin gilashi, ta zuba ruwa rabi ta ɗora a tire.

Na ce, "Gwaggo, ki cika shi. Baba zai lura."

Ta dube ni, ta cika shi har baki, ta koma ta tsaya a bayan labule.

Na ratsa tsakar gida. Agwagwar gidan ta gitta gabana da 'ya'yanta, na jira ta wuce. Na yi sallama a ƙofar zaure. Baba yana sanye da shuɗiyar rigarsa ta Juma'a, na nemi aikin ƙirjinta na samu wurin da Umma ta taɓa gyarawa da zaren da ya ɗan fi sauran haske. Nan na ajiye idona. Ya ce, "Zulai." Na ce na'am, sannu da zuwa Baba, ya hanya, ya su Umma, ina tafe. Ya tambaye ni jiki, ya tambaye ni ko ina ba Gwaggo wahala. Ina cikin amsawa sai baƙon ya jefo tasa gaisuwar daga hagu, ɓangaren kunnen da ya raunana: "Jam na, ɓingel?"

Na juya kai. Ƙasa ta ɗan motsa, kamar tabarmar da aka ja kaɗan. Jirin bai mutu ba, har yau in na gaji yakan leƙo. Amma ƙafafuna sun san aikinsu, ba su jira ni ba. Na ce jam koo ɗume, wato lafiya lau, na dawo da idona kan zaren Umma, na ƙarasa. Na durƙusa. Na miƙa wa Baba kofin da hannu biyu, ruwan yana rawa a baki amma bai zuba ba. Na miƙe ban dafa komai ba.

Baba ya shanye. Shi mutum ne da ba ya wuce kurɓa biyu ko da azumi aka sha. Ya miƙo mini kofin ya ce, "Ƙaro mini."

Na je na dawo, yana ta yi mini tambayoyin da ya san amsarsu tun daga ƙofa har na durƙusa. Ya karɓa ya riƙe a hannu bai sha ba. A nan na saɓa wa Gwaggo sau ɗaya, na ɗaga ido daga wuyan riga na dubi fuskarsa. Shi ne ya kawar da kai. Ya yi gyaran murya, ya juya wajen Alhaji Sabo.

"Alhaji, a kasuwar nan taku, ina ake sayar da akwatin ƙarfe? Irin na 'yan makarantar kwana."

Daga bayan labule Gwaggo ta rangaɗa guɗa, har agwagwa ta watse.

Kore muka saya, mai fulawa ja a murfi. Na je na yi sallama da Madam, ta ce in ci gaba da girgiza kai ko a makaranta, in gaya wa 'yan ɗakinmu tun farko don kar su gudu. Modibbo ya ce yanzu ba shi da abokin tangaɗi, dole ya shiryu.

A komowa na zauna a bakin taga. Duwatsun nan gaskiya aka faɗa, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera su da hannu, ciyawa kore shar a tsakaninsu. Da muka sauka a Mayo-Ulo sauya mota na ce wa Baba ina son in nemi matar da ta dafe mini goshi. Ya ce yaya kamanninta. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin fuskarta ba, hannunta kaɗai na sani. Masu nono suna zaune a jere a ƙarƙashin bishiyar maina, sun kai goma, da yawansu da zoben jan ƙarfe. Baba ya tsaya gadin akwati. Ni kuma na bi layin daga farko har ƙarshe, ina tafe ina juya kai, ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowace ina ce mata useko.